Kafin ka sayi injin juya taki, fara auna tsibinka

Shekarata shida ina haɗa taki a wani fili da na karɓa haya a hanyar Ejisu, ko da yake kwana a Aboabo, cikin Kumasi ta ƙasar Gana, nake yi. Garin katako daga Sokoban nake ɗaukowa, kashin kaji daga gonakin da ke kewayen Kumasi, kashin shanu kuma daga mahautar Kaase. Masu noman latas da kabeji na wajen Gyinyase su ne manyan masu sayena. A 2022, da takin zamani ya yi tashin gwauron zabo, kuɗinmu sidi kuma ya zube, sai ciniki ya fi ƙarfin hannuna, na shiga neman inji ido rufe. Na sha wuya a wannan neman, shi ya sa duk wanda ya zo mini da bidiyon inji a waya yana tambayar farashi, sai in ce ya ajiye wayar mu fara zagaya fili tukuna.

Aikin injin nan guda ne: ya ɗebo abin da ke tsakiyar tsibi ya fito da shi, ya tura na gefe ciki, iska ta shiga. Ƙwayoyin halittar da ke dafa taki da iska suke numfashi. In sun samu, tsakiyar tsibi yakan kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Selshiyas, zafin da ke kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. In ya haura 70, su kansu masu aikin sun fara mutuwa, juyawa ce ke sauke shi. A ƙa'idar Amurka, dogon tsibi irin namu sai ya yi kwana 15 a kan digiri 55 ko fiye, an kuma juya shi sau 5 a cikin kwanakin. Riƙe wannan lissafin, domin shi zai gaya maka yawan aikin da kake nema wa inji. Ma'aunin zafi mai dogon tsinke ya kamata ya riga inji shiga filinka, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

To, ɗauko tef. Ni nakan ja tsibina kamar kunyar doya mai tsawo: faɗi mita 2.5, tudu mita 1.2, tsawo mita 30. Ninka faɗi da tudu ka raba biyu, sannan ka ninka da tsawo, za ka ga kubik mita 45, wajen tan 20 da ɗoriya in kayan na da danshi. Samari huɗu da shebur da cokali mai yatsu sukan juye mini kunya ɗaya a yini da rabi. In kunya biyu ko uku gare ka, ɗan'uwa, ba ka da matsalar inji. Sayi takalman roba da safar hannu, ka biya yaran da kyau. Lokacin da kunyoyi suka kai takwas, ka ga ta farko ta huce tana warin ruɓaɓɓen ƙwai kafin a dawo kanta, a nan ne maganar inji ta taso.

Wanda na fara saya irin wanda tarakta ke ja ne. Wata doguwar ganga ce mai haƙora da ke haye kan kunya, shaf ɗin bayan tarakta, mai juyawa sau 540 a minti, na juya ta, taraktar kuma na tafiya a gefe. Wanda ya sayar mini ya ce kowace tarakta mai ƙarfin doki 70 za ta ja shi. Bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi rabin zancen ba. Ranar gwaji na ɗauko taraktar haya, direba ya sa giya ta ɗaya, ya saki kuloci. Ba mu yi taku goma ba ganga ta cushe, injin ya yi gurnani, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, kusar kariyar shaf ta tsinke ɗas. Muka sa wata, ita ma ta bi ta farko. Direban, dattijo ne da ya yi shekaru yana huɗa a wajen Ejura, ya sauko ya goge hannu ya ce, "Alhaji, wannan abin tafiyar hawainiya yake so, ita kuwa motata ba ta iya ta ba." Ashe injin yana buƙatar tarakta mai giyar rarrafe, wadda za ta yi ƙasa da kilomita 1 a awa alhali shaf na juyawa da cikakken ƙarfi. Yawancin taraktocin haya da ke yawo a nan na huɗa ne, ba su da ita. Wata huɗu injin ya yi a ƙarƙashin tamfol kafin in sami wadda ta dace. Don haka tarakta za ka fara tabbatarwa. Ka kuma sani irin wannan yana cin fili, domin kowace kunya sai an bar mata hanyar tarakta a gefe, a ƙarshenta kuma wurin juya kai.

Akwai mai tuƙa kansa, wanda direba ke zama a samansa yana bi ta kan kunya. Yana rage ɓarnar fili, amma tsada gare shi, kuma ka ƙara wa kanka injin dizal guda da za ka yi ta lallashi. In za ka saye shi, dubi ƙasarka. Damina biyu muke yi a Kumasi, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba. Jar ƙasar nan in ta sha ruwa ta haɗu da ruwan taki, mai taya sai ya yi ta sulɓi a wuri ɗaya. Ko dai ka zuba kankare, ko ka nemi mai sarƙa irin ta katafila.

Wanda 'yan kasuwa suka fi tallatawa a intanet shi ne mai tafiya a kan dogo, bisa doguwar kwatar siminti da ake zuba kayan a ciki. Yana da kyau ga mai babbar gonar kaji, wanda kashi ke fito masa kullum kuma filinsa kaɗan ne. Sai dai kuɗin injin shi ne ƙaramin kashi a lissafin. Gini, rufi, da wuta mai layi uku duk suna jiranka, ga ɗauke wuta da ba ta sallama. A filin haya kamar nawa, ba na zuba siminti don mai ƙasa ya gada.

Mai feloda ko tarakta mai bokiti a gaba zai iya juya taki da ita, ta kuma yi masa lodi. Ba ta farfasa dunƙule sosai, shi ke nan aibinta.

Yanzu ga abin da nake dubawa in na tsaya gaban inji. Na farko haƙoran ganga: da kusa aka ɗaure su ko walda aka yi? Haƙori ci yake yi, musamman in akwai yashi a kashin shanu, kuma na kusa a minti biyar yaro zai canza shi. Sai boris na gefe biyu na ganga. A nan Gana babban abokin gabarsa ledar ruwan sha ce da igiyar buhu. Duk yadda ka tsince sai sun shiga, su nannaɗe shaf, su ci robar da ke tare ƙura, taki ya shige. Kullum bayan aiki yarona yakan durƙusa da wuƙa yana yanke su, su fito baƙi ƙirin a murɗe kamar hanjin rago, sannan ya ɗura giris. Ka tabbata hannu na isa wurin ba sai an kwance rabin inji ba. Ka rubuta lambar boris da ta bel ka kai Magazin, unguwar makanikai da kayan gyara a Suame, kafin ka biya ko sisi. In Masta, wato babban makanike, ya duba ya ce akwai, alhamdulillahi. In ya ce sai an yi oda ta Tema, ka san taki ba ya jiran jirgin ruwa. Kaurin ƙarfe ma abin lura ne, domin tururin kashin kaji yana cin ƙarfe da tsatsa fiye da yadda kake zato.

Kada ka yarda da gwaji a kan busasshen garin katako, ko keke ma zai juya shi. Cika aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da kayanka na gaskiya, mai danshin da in ka matse a tafin hannu zai dunƙule ya ɗan jiƙa yatsu ba tare da ya tsiyaya ba, ka kai a gwada a gabanka. Bayan injin ya wuce, tura hannu cikin kunyar. Ya kamata ka ji ta sakwaf, ta tashi da tudunta kamar yadda take, ba ta baje ba. In mai sayarwa ya fara kame-kame a kan wannan gwajin, ɗauki kayanka ka koma, kuɗin aboboya kawai ka yi asara.