Yadda za ka ji canjin kiɗan gargajiyar Arewacin Indiya da kunnenka

Mu nan Jos kusan kowa ya tashi da waƙoƙin fim ɗin Indiya, amma akwai kiɗan da ya girme su nesa ba kusa ba, Hindustani ake ce masa, kuma ya canja sosai daga 1900 zuwa yau. Waya da data da iyafis kawai kake buƙata, sai haƙuri, don wallahi mai gaggawa ba zai ji komai ba.

Fara da tsohon faifai. Shiga YouTube ka nemo mawaƙiya Gauhar Jaan, an ɗauki muryarta a Kalkata a 1902. Za ka ji tana sauri, dole ce ta sa, faifan lokacin minti 3 da ɗan wani abu yake ɗauka, alhali a fadar sarki mawaƙi kan daɗe yana jan raga ɗaya, wato tsarin sautukan da ake gina waƙa a kansa, ba mai ce masa ya isa. Da can makaɗan fada ne kamar namu, kowane gida da salonsa, gidan Gwalior daban na Agra daban na Kirana daban, yaro ya zauna gaban malami shekara da shekaru yana ɗauka da ka. Sai mawaƙi Paluskar ya buɗe makarantar kiɗa a Lahore a 1901 kowa ya zo ya koya, masanin kiɗa Bhatkhande kuma ya rubuta kiɗan a takarda ya kasa nau'o'in raga gida 10. Bayan 'yancin kan Indiya a 1947 sarautu suka rasa ƙarfi, rediyo da masu sayen tikiti suka zama iyayen gidan makaɗa.

Toh yanzu ka zaɓi raga ɗaya tak, kar ka yi ta tsalle-tsalle. Ni Yaman nake ba da shawara, ta farkon dare ce, ta dace da sanyin nan namu. Saurare ta a bakin Amir Khan, gobe kuma a bakin Rashid Khan, ka lura da yadda kowa ke shiga a hankali kafin tabla, wato gangunan hannu guda biyu na Indiya, ta ɗau zafi.

Sannan kasa kunne ga abin da ke bin mawaƙin a baya, nan ne abin ya fi taɓa ni. Da can sarangi ne, mai tsirkiya da ake gogawa, yana iya zamewa tsakanin sauti da sauti yadda maƙogwaro ke yi. Harmoniya, ɗan akwatin kiɗa mai madannai irin na fiyano da ake hura wa iska da hannu, ba ta iya wannan, har gidan rediyon Indiya ya hana ta daga 1940 zuwa 1971, amma duk da haka ita ta ci kasuwa don ta fi sauƙin koyo, gaskiya an yi asara, in ka samu ɗauka mai sarangi ka sauke ta ka ajiye.

Daga nan ka leƙa waje: Ravi Shankar da sitar, mai tsirkiya da dogon wuya, a Monterey ta Amurka a 1967, sai Zakir Hussain, wanda ya rasu a 2024, yana haɗa tabla da jita. Wasu na cewa an lalata kiɗan, ni ban yarda ba, hannun gwanaye ne.

Na ƙarshe ka sauke manhajar tanpura a wayarka, wato kayan kiɗa mai tsirkiya da ke riƙe wa mawaƙi sautin tushe, ɗalibai da yawa yanzu da ita suke atisaye, ka kunna ta minti 5 kafin kowane sauraro kunnenka ya saba da sautin tushe.