Ka jingine takalmin ƙwallo kana son kujerar kansila? Ga inda za ka fara

Shekara goma sha ɗaya na yi ina buga lamba shida kafin gwiwa ta zaunar da ni, yanzu yara nake horarwa a filin firamaren unguwarmu. Kusan duk kakar zaɓe sai wani cikin ƙannena da muka yi wasa tare ya same ni bayan la'asar ya ce, "Koci, mutane sun matsa min in fito." Amsata ɗaya ce: zauna in ba ka labarin Damiano Tommasi tukuna.

Tommasi ɗan wasan tsakiya ne, ya buga wa kulob ɗin Roma na Italiya daga 1996 zuwa 2006, ya ci kofin Serie A, babbar gasar ƙasar, da su a 2001. A 2004 ya ji mummunan rauni a gwiwa, ya yi fiye da shekara bai taka leda ba. Da ya warke, shi da kansa ya nemi a biya shi mafi ƙarancin albashi, Yuro 1,500 a wata. A watan Yuni na 2022 ya zama magajin garin Verona, yankin da aka haife shi, bayan ya kayar da mai ci a zagaye na biyu. Amma abin da nake so ka riƙe shi ne tsakanin nan: daga 2011 zuwa 2020 shi ne shugaban ƙungiyar kare haƙƙin 'yan ƙwallon Italiya. Shekara tara yana zaman sulhu, yana karanta kwantiragi, yana bin haƙƙin yaran ƙananan kulob da aka riƙe wa albashi.

To, ka fara da irin wannan. Kafin ka buga fosta ko guda, nemi aikin da babu tafi a cikinsa. Shiga kwamitin gyaran rijiyar burtsatse, ko na iyayen yara a makaranta, ko ka riƙe asusun kulob ɗin unguwa. Riƙe littafi, rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, karanta wa jama'a a fili. Ranar da ka tsaya gaban dattawa ka yi bayanin inda kowace naira ta shiga ba tare da muryarka ta yi rawa ba, ranar ka fara zama ɗan takara.

Sai takardu. Dokar Najeriya ba ta yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, dole jam'iyya ta tsayar da kai, don haka je ka yanki kati a mazaɓarka, ka riƙa zuwa taro tun ba a san kana neman komai ba. Zaɓen ƙananan hukumomi a jihohi hukumar zaɓe ta jiha ke shirya shi, kuɗin fom da sharuɗɗa sun bambanta daga jiha zuwa jiha, ka je ofishinsu ka karanta da idonka. Duba katin zaɓenka yana mazaɓar da kake nema. Kuma, ƙanena, mu yi maganar da 'yan ƙwallo ba sa so: idan shekarun da ke fasfo ɗinka na wasa sun saɓa da na takardar makaranta, warware wannan yanzu ta hanyar doka, don abokin hamayya can zai fara tono.

Karatu ma haka. George Weah ya ci Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallo na shekara, a 1995, duk da haka ya sha kaye hannun Ellen Johnson Sirleaf a zaɓen shugaban ƙasar Laberiya na 2005, ana ta yi masa gorin ilimi. Ya koma makaranta a Amurka, ya ci zaɓen sanata a 2014, sannan ya ci shugabancin Laberiya a ƙarshen 2017. In shi bai ji kunyar komawa aji ba, kai ma ka koma.

Inda na fi ganin 'yan'uwanmu na faɗuwa shi ne lissafin jama'a. Ka shirya gasa, fili ya cika maƙil, ana kiran sunanka, ka koma gida kana jin ka gama. Rabin masu ihun nan ba su kai shekara 18 ba, wasu daga wata mazaɓa suka zo. Masu ƙuri'a suna cikin gida: matan da ba su taɓa ganin ka buga ba, da tsofaffin da ƙwallo a wurinsu shiririta ce. Tommasi da ƙafa ya yi yawancin kamfe ɗinsa, unguwa-unguwa, yana saurare. Kai ma ɗauki yayarka ko gwaggonka ta shigar da kai gidaje, ka durƙusa ka gaida mutane, ka tambayi abin da ke damunsu, ka rubuta. Je ta'aziyya, je suna, ka gaida mai unguwa da liman ba tare da ka ja zuga ba.

Kuɗin da ka tara a wasa kuwa, raba shi biyu tun yau. Na iyali kada ya taɓa shiga siyasa, ko da deliget sun rantse maka. Ranar zaɓe kuma ka sa ejan a kowace akwati, mutumin da ya iya karatu, ka ba shi abinci da kati a waya, kada ya motsa sai an ƙirga an sa hannu an miƙa masa kwafin sakamako.