Yaushe ya kamata ka canza akawun da ke riƙe maka littafi?

Wannan magana ta shafi masu sito da masu injin casar shinkafa irin na Kura da Haɗeja, da masu sayen riɗi da zoɓo suna kaiwa Dawanau, har mai shagon taki da maganin feshi a ƙauye, duk wanda dai kasuwarsa ta kai ya ajiye yaro yana rubuta mai shige da fice. Da yawanmu ba ma taɓa akawu sai ranar da aka nemi uwar kuɗi aka rasa, toh ranar kam an makara.

Kafin ka yanke komai, gwada shi tukunna. Ka zo sito da sassafe ba tare da ya san za ka zo ba, ka tambaye shi buhu nawa ne a ƙasa, nawa muke bin mutane, nawa ake bin mu. Mai riƙe aikinsa nan take zai buɗe littafi ya nuna maka, wanda kuma ya ce Alhaji bari zuwa gobe in haɗa, ka san lissafin a kansa yake, ba a takarda ba. Sai ka sa 'yan dako su ƙirga buhuna a gabanka. Shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, tana raguwa in ta bushe, ɓera da ƙwari ma suna cin nasu, wannan kowa ya sani, amma a tiya ake ganinsa, in littafi ya ce buhu 120 aka ƙirga 113, bushewa ba ta ɗauke buhu bakwai sukutum.

Sai ɓangaren banki, kuma nan ne ɓarnar ta fi yawa yanzu. Tun wahalar canjin kuɗi ta 2023 har mutanen ƙauye suka saba da taransifa, ciniki ya rabu biyu, rabi a aljihu rabi a waya. Ka ciro sitatimen ɗin Moniepoint ko OPay ɗinka, ka zaɓi ranar kasuwa guda mai cika, kamar Alhamis ta Maigatari ko Juma'a ta Wudil, ka bi alat ɗaya bayan ɗaya kana dubawa a littafi. In ka gano yana ba kwastoma lambar asusunsa na banki wai netwok ɗin na shago ba ya tafiya, wallahi kar ka ɗauke shi ƙaramin abu, ko da yana maido kuɗin. Haka in ka ga an yage shafi, ko goge-goge ya yi yawa, ko sunayen masu bashi da ba ka taɓa jinsu ba. Kira uku daga cikinsu ka ji nawa su suka san ana bin su.

Amma dan Allah kar ka kira mutum ɓarawo ba ka tabbatar ba, alhaki ne. Wani mai amana ne, kasuwar ce kawai ta fi ƙarfin karatunsa, wannan ka maida shi kan sikeli ko awo, ka kawo wanda ya fi shi biro. Wani sakaci ne, sai dare yake zama ya rubuta abin da ya tuna, ka ja mai kunne ka ba shi wata guda. Wanda ka kama da hannu a ciki kuwa babu wani wa'adi, ranar za ka karɓi makulli.

Abin da ke ɗaure mu shi ne kunya, don galibi ɗan yayanka ne ko ƙanin maiɗakinka. Ɗauki littafin ka je wurin mahaifinsa ko babban gidan ka nuna musu a sirrance kafin ya kai musu nasa labarin, ya fi ka yi shiru jari ya ƙare zumuncin ma ya bi shi.

In ba sata ba ce, kar ka canza a tsakiyar kaka motoci na layi, bari kaya su lafa. Ranar miƙa aiki a ƙirga komai gaban shaidu biyu, su sa hannu, ka canza fin ɗin POS, ka tabbatar layin da alat ke shiga naka ne, ka biya shi haƙƙinsa cas. Sabon kuma ka gindaya masa tun ranar farko, mai rubutu daban mai riƙe kuɗi daban, kuma kowane bashi a rubuta shi da ranar biya kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarta. Kai ma duk mako ka zauna da littafin da kanka, da shi za ka fitar da zakkarka in shekara ta zagayo.