Yadda za ka tantance jami'ar intanet kafin ka biya ko sisi

Tallar digiri a wata shida tana yawo a zaurukan WhatsApp, kuma masu neman ƙarin girma a aikin gwamnati na iya faɗawa. Digiri na farko galibi shekara 4 ne, ko 3 ga mai shiga da NCE ko diploma. Duk wanda ya ce zai gajarta maka shi zuwa watanni, takarda kawai zai sayar maka.

Fara da shafin NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa. Nemi sunan makarantar a jerin waɗanda aka amince da su, ka karanta shi harafi bayan harafi, domin 'yan damfara kan ari sunan jami'a ta gaske su sauya kalma ɗaya. Ganin sunan ma bai wadatar ba. NUC tana tantance kowane kwas daban, kuma sai jami'a ta samu izini na musamman kafin ta koyar daga nesa. Jami'a na iya zama halastacciya, amma kwas ɗin da ake tallata maka bai da amincewa. NOUN, wato jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, ita ce aka kafa domin irin wannan karatu.

Sannan JAMB, hukumar da ke kula da shiga manyan makarantu. Idan gurbin bai bi ta hannunta ba, sunanka ba zai hau jerin ɗaliban da ta sani ba, kuma a nan ake makalewa lokacin NYSC.

Jami'ar ƙasar waje kuwa, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ke tantance takardarta, don haka tambaye ta tun kafin rajista. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya bayyana yadda ya samo digiri daga Kwatano ta Jamhuriyar Benin cikin mako 6, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024.

Dubi inda kuɗin zai shiga. Jami'ar tarayya ta hanyar biyan kuɗi ta gwamnati, irin su Remita, take karɓa. Wakilin da ya turo lambar asusun kansa, ko ya ce ba jarrabawa, ko ya kasa nuna harabar makaranta sai shago a bene, rabu da shi. Wanda ya riga ya biya ya adana rasit da saƙonni, ya kai ƙorafi ga NUC ko ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, kada kuma ya saka takardar a fayil ɗinsa na aiki.