Yadda ake sayen bugun zanen masu zanen bango da yadda ake adana shi a Sakkwato

Mai zanen bango ba zai sayar maka da bangon da ya yi wa zane ba. Abin da yake sayarwa shi ne bugu a takarda mai kauri, adadi ƙayyadadde, kowanne da lambarsa da sa hannunsa. In ka ga 37/150 da fensir a ƙasa ta hagu, naka ne na 37 cikin 150. Sa hannun yakan zo ta dama. Harufan AP kuwa na kwafin da mai zanen ya ware wa kansa ne, galibi ba sa wuce ɗaya cikin goma na bugun.

Sa hannu kan ninka farashi. Zanen yarinya da balan-balan na Banksy, shahararren mai zanen bango ɗan Ingila, an buga shi a 2004, guda 150 da sa hannu, 600 babu, kuma na farkon sun fi tsada nesa ba kusa ba. Sai dai sa hannu shi ne abu mafi sauƙin kwaikwayo, don haka takardar shaida ake bi. Tun 2008 ofishinsa mai suna Pest Control ne kaɗai ke tantance aikinsa, kuma takardar takan zo da rabin jabun takardar fam goma a maƙale, ɗaya rabin yana wurinsu. Duk wanda ya tallata maka Banksy a Instagram da araha, ya ce takarda na tafe daga baya, ka riƙe kuɗinka.

Sabon shiga ba da Banksy yake farawa ba. Shepard Fairey na Amurka, wanda ya yi shahararren hoton kamfen ɗin Obama na 2008, yana fitar da bugu mai inci 18 da 24, 'yan ɗaruruwa, a shafinsa na Obey Giant, kuma sukan ƙare cikin mintuna. Gidan da ba a rataya hoton mai rai, a duba aikin eL Seed, ɗan asalin Tunisiya, wanda da harufan Larabci yake zane, shi ne ya yi wa hasumiyar masallacin Jara da ke garin Gabes na Tunisiya ado a 2012. Saye daga hannun mai zanen ko gidan da ya buga masa ya fi kowace hanya kwanciyar hankali. Ka adana rasit da imel ɗin ciniki, ka buga su a takarda.

Idan daga hannu na biyu za ka saya, ka nemi hoton gaba da baya da kusurwoyi huɗu, da awon takardar, ka gwada da awon da aka sanar tun farko. In ya iso, ka sa madubin ƙara girma mai ninki 10. Bugun sikirin, irin dabarar masu buga riguna, tawadarsa shimfiɗe take, launi kan launi. In ka ga ɗigo-ɗigo masu launi huɗu a jere, bugun fosta ne irin na kalanda, ba na sikirin ba. Sa hannun fensir na gaske yana ɗan ƙyalli in ka karkata takardar ga haske, yana kuma barin sawu.

Ka ce a turo shi a shimfiɗe tsakanin kwalaye masu tauri, ko a bututu mai faɗin santimita 10 aƙalla, ta kamfanin da ke ba da lambar bibiya. Ka ware kuɗin kwastam. Da ya iso ka fitar da shi da hannu wankakke, ka shimfiɗa, ka rufe da takarda mai tsabta, ka ɗora littattafai a gefuna na kwana uku zuwa mako. Kada ka naɗe shi ta baya don ya miƙe, tawadar na tsagewa.

Babban aikin a nan yake farawa. Takarda ta fi son sanyi wajen digiri 20 da laima kusan kashi 50 cikin ɗari. Sakkwato kuwa tana haura digiri 40 a bazara, hunturu ya busar da takarda har ta yi ƙarau, damina ta dawo mata da laima ta kumbura ta yi tabo ruwan ƙasa. Wannan hawa da saukar ya fi zafin kansa ɓarna, shi ya sa ɗakin da ake kunna na'urar sanyaya ɗaki sai an kawo wuta bai fi ɗakin ciki mai silin ba. Ka guji bangon da rana ke duka da yamma, da saitin taga, da ɗakin da ake yawan turaren wuta ko maganin sauro na hayaƙi, don hayaƙi na zama a takarda ya mai da ita rawaya. Wanda ba za a rataya ba, a kwantar da shi a jakar kwali marar asid, a ɗora kan kanta nesa da ƙasa saboda gara, a sa 'yan ƙullin silika masu shanye laima da damina, a leƙa duk wata.

Wurin mai firam ake yawan yin asara. Mun saba kai kowace takarda mai muhimmanci a yi mata laminetin, to bugun da aka yi wa haka ya tashi daga aiki, ba mai sayensa. Haka wanda aka manne da gam a jikin katako, ko aka kama da salatif, ko aka datse gefensa don ya shiga firam. Ka tsaya a kansa a yi a gabanka: 'yan aljifan kusurwa su riƙe takardar, kwali marar asid ya raba ta da gilashi da kamar milimita 3, gilashin ya zama mai tare hasken da ke kashe launi, a rufe bayan ruf saboda ƙurar hunturu. In kayan ba su samu a gari ba, ka yi odarsu tare da zanen, ka bar shi kwance a jakarsa har su iso.