Yadda ake cire hitar ruwa mai tanki a sa marar tanki a motar tafi-da-gidanka

Motocin tafi-da-gidanka, waɗanda Amurkawa ke kira RV, yawancinsu suna fitowa daga kamfani da hitar ruwa mai ɗan tanki na galan 6, wato kusan lita 23, manyansu kuma galan 10. Mutum ɗaya ya yi wanka a tsanake, na biyu sai ya zauna jiran ruwa ya sake zafi. Wannan jiran ne yake kai mutane ga hitar da ba ta da tanki. Ita ba ta ajiye ruwa: ka buɗe famfo, wuta ta kama, ruwan ya bi ta cikin naɗaɗɗen bututun jan ƙarfe ya fito da zafi, ka rufe, wutar ta mutu. Muddin akwai ruwa da gas da caji a batir, ruwan zafi ba zai yanke ba.

Sauyawar kanta ba ta gagari mai ɗan hannu a gyare-gyare ba. Inda ake yin da-na-sani shi ne tun kafin a ɗauki sifana, lokacin da aka sayi na'ura ba a bincika ko ruwan motar da gas ɗinta za su iya ɗaukar ta ba. Don haka daga nan za mu fara, kuma nan za mu fi daɗewa.

Mataki na farko: auna gudun ruwanka

Samu bokiti mai alamar lita da agogo. Buɗe ɓangaren ruwan zafi kaɗai a shawa, tara ruwan minti ɗaya, ka rubuta abin da ka samu. Maimaita a famfon kicin da na wanke hannu. Yi gwajin sau biyu: sau ɗaya da injin tura ruwa na cikin motar, sau ɗaya kuma da tiyo a haɗe da famfon wurin da aka yada zango.

Dalili shi ne, hita marar tanki tana da wata ƴar na'ura a bakin shigar ruwa da ke jin gudunsa. In gudun bai kai wata ƙima ba, wuta ba za ta kama ba sam. Wannan ƙimar takan faɗa tsakanin lita 2 zuwa 4 a minti, gwargwadon samfurin, kuma a rubuce take a littafin na'urar. Shawa mai tsimin ruwa, ko matacin da datti ya toshe, ko ƙaramar regileta ta tiyo, wato na'urar rage matsi, da ke shaƙe ruwa, kowanne zai iya sauko da kai ƙasa da ƙimar.

Ka kuma kasa kunne ga injin tura ruwan. In ka ji yana tashi yana tsayawa, tashi yana tsayawa, alhali famfo a buɗe yake, to haka wutar hitar za ta riƙa yi, ruwan kuma ya riƙa zuwa da zafi da sanyi bi da bi. Maganinsa ƙaramin tankin daidaita matsi da ake sawa bayan injin, ko a sauya injin da wanda ke rage gudu da ƙarawa da kansa. Ni dai shawarata a gyara wannan kafin a sayi hitar, don ba a rasa wanda ya zargi sabuwar na'ura da laifin da na tsohon inji ne.

Akwai kuma iyaka ta sama, wadda masu talla ba su cika faɗa ba. Ƙarfin wutar hitar ƙayyadadde ne. Hita marar tanki samfurin Girard GSWH-2 tana ba da BTU 42,000 a awa (BTU ma'aunin yawan zafi ne), samfuran Furrion da Truma AquaGo kuma 60,000, alhali tsohuwar mai tanki ta kamfanin Suburban 12,000 take bayarwa. BTU 42,000 kusan kilowat 12 ke nan, in aka cire zafin da ke fita da hayaƙi a ce saura 10. Ɗaga zafin lita ɗaya a minti da digiri ɗaya na ma'aunin Salshiyos yana cin kusan wat 70. To yi lissafi: a gudun lita 4 a minti, hitar za ta ƙara wa ruwan kusan digiri 35. In ya shigo a digiri 10, zai fito a 45, wanka mai daɗi. Amma in ka buɗe famfo biyu gudun ya zama lita 8, ƙarin zai koma rabi, ruwan ya fito a kusan 28, ɗumi-ɗumi kawai. Wanda ke yawo a wurare masu tsananin sanyi, gara ya nemi mai ƙarfin wuta tun farko.

Mataki na biyu: gas da lantarki

Wutar da ta ninka tsohuwar sau uku zuwa biyar tana son gas ya zo mata a wadace. A motocin Amurka, regileta tana sauko da matsin gas ɗin furofen zuwa inci 11 na ma'aunin ruwa; a Turai milibar 30 aka fi amfani da shi. Kunna duk kawunan murhu, sannan ka kunna na'urar ɗumama ɗaki. In harshen wutar murhun ya lanƙwashe ko ya koma ruwan ɗorawa, mai yiwuwa regiletar ta gaji, a duba ta. Tukunyar gas mai kilo 9 tana ɗauke da kusan BTU 430,000, wato kusan awa 7 na ci da cikakken ƙarfi ga mai 60,000. Tunda ba ta ci sai famfo na buɗe, tukunya takan daɗe, sai dai in wanka ya ƙara tsawo, abin da kuwa yakan faru.

Abu ɗaya za ka rasa, kuma ya kamata ka sani tun yanzu. Hitoci masu tanki da yawa suna da sandar lantarki mai cin kusan wat 1,400, wadda ke ɗumama ruwa da wutar wurin zango ba tare da an taɓa gas ba. Marasa tanki na mota galibi gas kaɗai suke ci. Lantarkin da suke so na batir ne, bolt 12, don fanka da allon sarrafawa da tartsatsin kunnawa. Batir ya yi ƙasa, babu ruwan zafi ko da tukunya cike take.

Ka kuma dubi irin tafiyarka. Mai zama inda akwai famfo da magudanar ruwa, wannan na'ura tasa ce. Mai kwana a daji da ruwan tankinsa kaɗai, ya yi tunani sau biyu. Duk buɗe famfo sai an zubar da ruwan sanyi na wasu daƙiƙu kafin zafi ya iso, kuma dabarar nan ta jiƙa jiki, a rufe, a saɓa sabulu, a sake buɗewa, tana kashe wutar ne, sai wani guntun ruwan sanyi ya ratso tsakiyar wanka. Wasu samfura, irin su AquaGo, suna da ɗan ƙaramin mazubin gauraya ruwa a ciki da ke rage wannan matsalar.

Mataki na uku: auna ramin bango

Buɗe ƙofar hitar ta waje ka auna faɗi da tsayin ramin, da zurfin da ke bayansa a cikin kabad. Ramin Suburban mai galan 6 kusan murabba'i ne, na kamfanin Atwood ya fi faɗi, na galan 10 kuma ya fi duka girma. Shi ya sa ake sayar da ƙofofi masu girma daban-daban, sau da yawa daban da na'urar. Ƙofar ta zama ta kamfanin hitar, don ta cikinta hayaƙi ke fita, iska ke shiga. In akwai taga mai buɗewa kusa da wurin, duba tazarar da littafin ya gindaya. Kuma kada a kuskura a sa hitar gida ta rataye a bango a cikin mota. Iskar kabon monoksayid, gubar da ke fitowa da hayaƙinta, ba ta da wari ba ta da launi, kuma ɗakin mota ƙarami ne.

Mataki na huɗu: cire tsohuwar

Rufe gas daga tukunya, kunna murhu har wutar ta mutu da kanta don ragowar da ke cikin bututu ya ƙone. Zare wayar lantarkin waje, cire kan batir na nagatif, kashe injin ruwa, cire tiyo. Bari ruwan tankin ya huce sarai. Mutane sun ƙone a wannan gaɓar. Buɗe famfon ruwan zafi, ɗaga hannun bawul ɗin rage matsi, sannan ka kwance murfin magudanar da ke ƙasa ruwan ya tsiyaye.

Kafin ka cire waya ko bututu, ɗauki hoto da wayarka, ka manna wa kowanne alama. Kwance bututun gas da sifana biyu, ɗaya ta riƙe, ɗaya ta juya, don kada bututun jan ƙarfen ya murɗe. Toshe bakinsa kada datti ya shiga. Cire bututun ruwa biyu ta baya, kwance sukurorin da ke kewaye da firam, ratsa wuƙar roba a ƙarƙashin tsohon danƙon, ka jawo hitar waje a hankali. Wayar lantarki mai bolt 120 da ta ciyar da tsohuwar sandar, a rufe kawunanta ɗaya-ɗaya a cikin akwatin haɗa waya, a kashe makunninta a allon rarraba wuta, a rubuta a kai.

Yanzu da ramin yake a buɗe, danna katakon ƙasa da na gefe da yatsa. In ya yi laushi ko ya yi baƙi, ruwa ya daɗe yana shiga. Gyara shi kafin ka ci gaba.

Mataki na biyar: sa sabuwar

Kankare tsohon danƙo har bangon ya yi fes. In ramin ya fi na'urar girma, cike giɓin da katako a ɗaure shi da kyau, a kuma tabbatar gindinta yana zaune a kan abu mai ƙarfi, ba a rataye da bango ba, saboda girgizar hanya. Shimfiɗa tef ɗin danƙon butil a bayan firam, tura na'urar ciki, ɗaure sukurori a gicciye kaɗan-kaɗan har danƙon ya ɗan fito ta gefe. Yanke abin da ya fito, bi saman da gefuna da silan ɗin waje, wato danƙon hana ruwa shiga.

Bututun sanyi zuwa mashiga, na zafi zuwa mafita. In aka juya su, na'urar jin gudu ba za ta ga ruwa ba, wuta ba za ta tashi ba. Sau da yawa bakunan ba sa faɗawa daidai inda na tsohuwar suke, sai an ƙara guntun bututun roba na PEX ko tiyo mai lanƙwasa.

A wajen waya, kada ka yarda da launi. A motoci da yawa na Amurka farar waya ita ce nagatif, baƙa kuma fozitif, saɓanin abin da mai gyaran ƙaramar mota ya saba. Gwada da mitar auna lantarki, sa fiyus mai girman da littafin ya ce, sannan ka ja wayar allon saita zafi zuwa inda hannu zai kai daga banɗaki.

Mataki na shida: haɗin gas

Nan ne ba a wasa. Haɗin irin mai buɗaɗɗen baki ne, ƙarfe ke zama a kan ƙarfe, don haka ba a naɗa masa farin tef ba a shafa masa komai. Duba bakin bututun. In ya tsage ko ya lotsa, a yanke a sake buɗa shi. Ɗaura notin da hannu tukuna, sannan sifana biyu. Inda bututun ya ratsa jikin na'urar akwai zoben roba, a tabbatar ya zauna ya toshe, don shi ne ke raba ɗakin wuta da inda kuke kwana.

Buɗe gas a hankali, shafa ruwan sabulu a kowane haɗi, ka tsaya ka zuba ido minti ɗaya ko biyu. Ƙaramin yoyo ba ya tashin kumfa nan take, wasu ƴan ƙananan ƙwayoyi ne za ka ga suna taruwa a gindin noti. Ba a gwada yoyo da ashana. Furofen ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa na'urar jin warinsa take kusa da daɓe. Danna maɓallin gwajinta, da na mai jin kabon monoksayid. In ba ka taɓa haɗa bututun gas ba, ina roƙonka ka yi sauran aikin ka bar wa ƙwararre wannan, ya gwada da ma'aunin matsi. Wasu kamfanonin ma ba sa karɓar garanti sai ma'aikacin da suka amince da shi ne ya haɗa, don haka karanta sharuɗɗan kafin ka fara.

Mataki na bakwai: kunnawar farko

Bar hitar a kashe, buɗe ruwa, bar famfunan zafi su zuba har tari da fesar iska su daina. Shafa busasshen tsumma a kowane haɗin ruwa. Kunna murhu har wutarsa ta tsaya shuɗiya, alamar iska ta fita daga layin gas. Sai ka kunna hitar ka buɗe famfon zafi gaba ɗaya. Za ka ji fanka ta tashi, sai ƙyas-ƙyas na tartsatsi, sai gurnanin wuta. In ta ƙi a karon farko ta nuna lambar matsala, rufe famfo ka sake buɗewa; ragowar iska ce yawanci.

In ruwan ya fito da ɗumi kawai, duba wurare biyu kafin ka zargi na'urar. Na farko bawul ɗin kewaye da ke bayan hitar, wanda ke haɗa layin sanyi da na zafi. Dole ya kasance a rufe. Na biyu shawar waje: in an bar kawunanta biyu a buɗe aka rufe ta daga bakin fesawa kaɗai, ruwan sanyi zai riƙa tsallakawa cikin layin zafi.

Sannan ka sauya yadda kake wanka. Da mai tanki an saba a surka ruwan zafi da na sanyi. A nan surkin yana rage gudun da ke bi ta hitar, har wutar ta mutu. Saita zafin a allon kan abin da jikinka ke so, wajen digiri 40 zuwa 43, ka buɗe ɓangaren zafi kaɗai. In akwai yara, kada ya wuce 49.

Kula da ita

Abu biyu ke kashe wannan na'ura: ƙanƙara da gishirin ruwa. Bututun cikinta siriri ne, dare ɗaya na daskarewa ya isa ya fasa shi. Wasu suna da tsarin kare kai daga sanyi, amma galibi ba ya aiki sai gas a buɗe yake kuma batir na da caji. In za a ajiye motar a hunturu, a tsiyaye ruwan, a hure layin da iska, ko a cika shi da ruwan hana daskarewa na bututun ruwan sha, mai launin ruwan hoda, ba irin na lagireto ba, wanda guba ne. Gishirin ruwa kuma yana taruwa a bangon bututu ya rage zafi da gudu. Sau ɗaya a shekara, ko fiye inda ruwa ke barin farin tabo a famfo, a zagaya ruwan khal ko maganin da kamfanin ya ayyana ta cikinta, a ɗauraye sosai, a wanke matacin bakin shiga. Kafin kowace tafiya kuma a leƙa mafitar hayaƙi, don zanzaro da gizo-gizo suna son yin gida a wurin.