Wa ya kunna wutar? Yadda Yahudawa ke kiyaye dokar burodi da girki

A wajen Yahudawa masu kiyaye dokokin abinci, halaccin kayan girki kaɗai bai wadatar ba, sai an san hannun da ya dafa. Malamansu na dā sun hana cin burodi da girkin wanda ba Bayahude ba, don gudun kada cuɗanyar ci da sha ta kai ga auratayya. Rabbi Yosef Karo ya tsara hukuncin a littafinsa Shulhan Aruk, wanda aka fara bugawa a 1565.

In kai ba Bayahude ba ne kuma kana yi musu girki, fara da tambayoyi biyu. Ana cin wannan abu ɗanye? Ya isa a kai shi gaban sarki? Haramcin, wanda suke kira bishul akum, yana hawa ne kan abin da ba a ci ɗanye kuma ya cancanci teburin manya, kamar nama, kifi, shinkafa da ƙwai. Dafaffen tuffa ko karas ba laifi. Abin da aka gyara da gishiri ko ruwan tsami kawai bai shiga lissafin dahuwa ba.

Sai maganar wuta, kuma nan ne aka fi tuntuɓe. Ashkenazawa, wato Yahudawa 'yan asalin tsakiya da gabashin Turai, masu bin Rabbi Moshe Isserles, sun yarda Bayahude ya kunna murhu, kuku ya ci gaba da aikinsa. Sefardawa, wato Yahudawa 'yan asalin Sifaniya da Fotugal, sun fi tsanantawa: Bayahuden ne da kansa zai ɗora tukunya a kan wuta. Don haka ka tambayi mai gidan wace al'ada yake bi kafin ka taɓa ashana. In wuta ta mutu, kada ka sake kunnawa, kira shi. Kuskure a nan yana ɓata abincin, har tukunyar ma sai an tsarkake ta da tafasasshen ruwa.

Burodi ya fi sauƙi. Dokar ta shafi wanda aka yi da hatsi 5, cikinsu har da alkama da sha'ir. Bayahude ya kunna tanda, ya iza garwashi, ko ya jefa ɗan tsinken itace a wuta, duk ya isar, burodin ya zama pat Yisra'el, wato burodin Bayahude. Da yawa suna cin na gidan burodi na kasuwa in kayan haɗinsa halal ne a dokarsu, sai dai a kwana 10 daga Rosh Hashana, sabuwar shekararsu, zuwa Yom Kippur, ranar azumi da neman gafara, masu sassaucin ma kan nemi pat Yisra'el.